Shekarar da na toshe wa motar Malam hanci

Shekarun baya, a shekarar da aka canza kuɗi mutane suka yi ta layi a bakin banki, shekara guda ke nan bayan rijiyar bakin masallacinmu ta ƙafe har aka shiga aka ƙara mata zurfi, ina goyon 'yata ta uku. Ita ce wannan da take rubuta muku maganar nan, don ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Na kuma gaya mata in ta rage mini kalma ɗaya zan sani, don sai na sa wani ya karanta mini daga farko.

Wanda ya ga shekarun nan ba sai na yi masa dogon bayani ba. Ruwa ya ɗauke gero yana ciki. Abin da rana ta rage, fara ta zo ta ƙarasa. Mu nan ƙasar Gezawa gonakinmu ƙanana ne, gida na kallon gida, in ka yi tari a gonarka maƙwabcinka zai yi maka sannu daga tasa. Gonar da a shekarar alheri take kai mu bazara, a wannan shekara abin da muka ɗaure bai rufe gindin rumbu ba. Sabulu kuwa ya zama abin da ake bi wa layi a birni, soja na tsaye da bulala.

Abin da ya riƙe gidanmu shi ne makullin mota. Maigidana, Malam nake ce masa, direba ne. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce ɗan kasuwa a Gezawa, tsohuwar akori-kura wadda Malam yake ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Zakirai da Gezawa da birni. Ranar da motar ta fita, za a ɗora tukunya a gidanmu. Ranar da ba ta fita ba, sai dai tafasa da rama. In Malam ya shigo da yamma na ji makullin nan na kaɗawa a aljihunsa, sai in ji numfashina ya daidaita.

Motar tana kwana a bayan gidanmu ne, cikin danga, akwai 'yar ƙofa da nake bi in fita wurinta ba wanda ya gan ni. Ni nake share ta in goge ta bayan sallar asuba. Kuma bari in gaya muku, ba yabon kai ba, a duk unguwarmu ba macen da ta kai ni iya wanki. Da sabulu ya ɓace mata suka fara yawo da zannuwa masu tsami, ni kayan Malam fari ƙal suke fita. Mahaifiyata ce ta koya mini: ki sassaƙo ɓawon aduwa, ki daka, ki jiƙa, ki buga shi da hannu har ya yi kumfa. Maiƙo kowane iri ne sai ya saki. Shi ya sa Malam yake kirana Sarkin Wanki in yana cikin nishaɗi.

Ranar da ya fara kawo motar gida ya nuna mini wani abu da ya ba ni mamaki. Ya ja wani ɗan ƙarfe a gefen sitiyari, sai ga ruwa ya tsartu daga wasu 'yan hanci guda biyu a kan bonet, ya sauka a gilashi, waifa ta bi ta share. Na ce, "Ikon Allah, Malam, mota mai wanke fuskarta da kanta?" Ya yi dariya ya buɗe bonet ya nuna mini ɗan tankin roba inda ake zuba ruwan, da ɗan famfo a gindinsa, da siririn tiyo da ke kai ruwan sama. Na kalla na riƙe. Ni abu in na gani sau ɗaya ya zauna.

To da fara ta zo, hanya ta zama abin da ta zama. Malam na tafe, fara na faɗowa a gilashi tana fashewa, ta bar wani maiƙo rawaya-rawaya. Ruwa zalla ba ya cire shi, sai dai waifa ta dama shi ya ƙara yaɗuwa. Kullum ya dawo maganar ɗaya ce.

"Gilashin nan ya ƙi wankuwa. Kamar ta cikin ruwan koko nake kallon hanya."

"Ba a sa masa sabulu ne?"

"Da ana sa ɗan garin sabulu. Yanzu a ina? Wanda ya samu ma jikinsa zai wanke ko mota?"

A raina na ce, ga Sarkin Wanki a gida ana kukan maiƙo? Washegari da sassafe, kafin ya dawo daga masallaci, na buɗe bonet na cika tankin nan da ruwan aduwa. Ban gaya masa ba. So nake ya dawo ya yi ta mamaki in bar shi ya gama, sannan in ce ni ce.

Ya kuwa dawo da fara'a. "Ke, yau wani abu ya faru. Na ja, sai ga kumfa! Maiƙon nan ya saki."

Na ce, "Allah ne ya ga wahalarka." Na juya ina tuƙa tuwo ina dariya ni kaɗai.

Da na tsaya a nan da lafiya lau. Amma yabo ya hau mini kai. Na ce abin da ya yi kyau haka, in na ƙara masa ai zai fi. Na sa ɓawon ya yi kauri, na jefa ɗan ragowar sabulun salo da nake ɓoyo, sannan na tuna da karkashi, wanda muke wanke gashi da shi ya yi santsi. Na ce waifa ma za ta so santsi. Na dama duka na ɗura. Kuma ni da nake tace kokon yara sau biyu, wannan ban tace ba ko sau ɗaya. Sauri nake kada ya dawo ya same ni.

Kwana uku, a rana ta huɗu Malam ya shigo tun kafin la'asar, bai yi sallama da ƙarfi kamar yadda ya saba ba. Ya zauna a bakin ɗaki ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Na bugi jaki a hanyar Zakirai."

Na saki muciya. "Mutum fa?"

"Mutum ya tsira, gwiwa kawai ya goge. Mai tukwane ne, yana kai su kasuwa. Tukwanen sun ƙare, jakin yana ɗingishi. Fara ta rufe gilashi, na ja ruwa, ba ruwa. Waifa ta dama abin. Wallahi ban ga jakin nan ba sai da na ji fashewar tukwane."

"Alhaji ya ji?"

"Shi ya sasanta da mai tukwanen. Ya ce mini wancan watan na gogi katangar tasha, yau jaki. Ya ce in gyara abin da zan gyara kafin ranar kasuwa. In aka yi na uku, ba sai ya aiko ba, in san inda zan ajiye makulli."

Ranar na zuba masa tuwo na kasa cin nawa. Ina kallon yarana suna lasar kwano ina cewa a raina, ke ce, ke da karkashinki, za ki raba bakin yaran nan da abinci. Amma ban faɗa masa ni ce ba. Mace kamata, wadda ake aiko wa da tambayar yadda ake fitar da maiƙon man ja daga farar riga, ta ce ita ta toshe mota?

Da gari ya waye Malam ya ce in ba shi allura. Ina ɗinkin hula a lokacin, ina da allurai sirara. Na ba shi ɗaya na tsaya a bakin 'yar ƙofa ina kallo. Ya sunkuya a kan bonet yana neman ramin hancin nan. Ya soka nan, ya soka can, yana ta karce fenti. Ya ce, "Ramin ya toshe har ya ɓace." Ni kuwa daga inda nake ina ganin ramin, ɗan baƙi kamar ƙwayar riɗi. Ban kawo komai a raina ba. Laifina ya cika mini kai, ba wurin wani tunani.

Sai na aika wa yayana. Makanike ne a Gezawa, shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Mutum ne mai bakin tsiya, amma hannunsa in ya taɓa inji sai ya yi magana. Da hantsi sai ga shi a kan kekensa, da 'yar jakar kayan aiki a baya.

Malam ya ce, "Yaya, ina jin famfon ne ya mutu. Kuma an ce ko a birni ba a samun sabo yanzu."

Yaya ya ce, "Wa ya yi maka jana'izarsa? Ku direbobi da abu ya tsaya sai ku ce ya mutu. Ba a fara kwance mota, kunne ake fara sa mata. Murɗa makulli, kada ka tayar da inji. To ja. Auta, yi shiru da bakin nan naki ki saurara."

Malam ya ja. Sai muka ji wani ɗan kuka a ƙarƙashin bonet, kamar zanzaro ya shiga tulu.

"Kun ji? Yana da rai. Da shiru muka ji, sai mu duba fis ɗin wuta, in fis lafiya mu bi waya, in wuta na zuwa shi ne bai motsa ba, sannan a ce ya mutu. Amma wannan kuka yake yana neman hanya. Ko ba ruwa a tankin, ko an tare masa gaba."

Ya buɗe murfin tankin. Ya leƙa. Ya kai hanci ya shinshina. Sai na ga ya ɗago a hankali ya juyo ya kalle ni. Ya sa yatsa ya ciro, wani abu ya biyo yatsan yana yauƙi, dogo, bai tsinke ba har ya ɗaga hannu sama da kansa.

"Direba, motarka miya take sha?"

Malam ya ce, "Wace irin miya?"

"Wannan warin na san shi tun ina yawo ba wando. Warin wankin gidanmu ne. Aduwar Inna ce wannan. Auta, karkashin fa, na mene ne? Kitso za ki yi mata?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige da goyona. Na ja mayafi na rufe baki na ce, "Ranar farko ai ya yi aiki."

"Ranar farko! Ai guba ma ranar farko ba ta gama aiki."

Na jira faɗan Malam. Sai na ji ya ƙyalƙyale da dariya, har yana dafa mota. "Ashe ke ce! Sarkin Wanki, ashe ke ce! Alhamdu lillahi, ashe abin daga tanki ne." Ya yi ta maimaitawa, ashe daga tanki ne. Na ji daɗi bai yi fushi ba, amma murnar ta yi mini yawa a kunne. Mutumin da matarsa ta kusa raba shi da aikinsa, ya dinga hamdala haka?

Yaya ya kwance tankin ya miƙo mini. "Wanda ya ɓata shi zai wanke. Ga famfon nan, duba gindinsa, akwai 'yar rariya. Ita ce ke hana datti shiga." Na duba, 'yar rariyar ta shaƙe da zaren ɓawo da yauƙi, ta zama kamar abin da ake cirowa daga maƙogwaron kaza. Na wanke ta da tsinken tsintsiya, na ɗauraye tankin sau biyar da ruwan da na ɗebo don girki. A shekarar nan kuwa ruwa ba abin wasa ba ne.

Aka mayar, aka cika da ruwa mai kyau. Yaya ya zare tiyon daga wajen hancin ya riƙe bakinsa ya ce a ja. Ruwa ya zo, amma da ƙyar, yana ɗiga. Ya ce, "A'a, wannan famfon ya fi haka ƙarfi. Ruwan yana zuba a hanya." Ya bi tiyon da yatsa a hankali har ya kai wani lungu, ya ciro hannu a jiƙe. Ya jawo wurin ya nuna mana, duk shaidar haƙora.

"Auta, kin samu abokin laifi. Ɓera ne. Ƙishirwa ta kai shi ya huda yana tsotsa. Ku biyu za a ɗaure."

Sabon tiyo babu. Sai ya buɗe jakarsa ya fito da robar ƙarin ruwa, irin ta asibiti, ya ce wani mai kemis ne ke tara masa. Ya wanke ta, ya hura ta ya ji iska na fita, ya yanka daidai ya sa. A shekarun nan haka ake gyara, abin da ke hannunka shi ne kayan gyara.

Saura hancin. Yaya ya ce, "Kawo allurarki. A'a, riƙe abarki, ke za ki yi, idonki ya fi namu. Kada ki zurma da ƙarfi ki faɗaɗa ramin, juya ta kawai kamar kina cire ƙaya." Na sa allura na juya, wani ɗan busasshen abu ya fito. Na yi wa ɗayan. Ya ce ramin a jikin wani ɗan ƙwallo yake, in na karkata allurar zai juya, da haka ake saita inda ruwan zai sauka. Na karkata yadda na ga dama. Malam ya ja. Ruwa ya tashi ya tsallake rufin mota ya sauka a ƙeyar Yaya da ke tsaye a baya yana ɗaure jakarsa.

"Da gangan kika yi, 'yar banza!"

"Wallahi Yaya kuskure ne." Rabin gaskiya na faɗa.

Na sake saitawa har ruwan ya dinga sauka a tsakiyar gilashi, sama kaɗan. Yaya ya goge bakin robar waifa da jiƙaƙƙen tsumma, baƙin datti ya fito, ya ce ita ma in ta bushe ta tsage ko ruwan zamzam aka fesa ba za ta share ba, amma wannan da sauranta. Sannan ya nuna ni da sifana. "Aduwarki ba laifi, tana cin maiƙo. Amma ki tace sau uku, ki bari ya kwanta, ki tsiyayi na sama, ki sirka da ruwa sosai. Karkashi kuwa a tukunya." Ya ci ɗan abin da na ba shi, ya hau kekensa ya tafi.

Muka rage ni da Malam. Ya ce in shigo gaba in zauna in ga aikina. Ya ja ruwa, waifa ta share. Gilashin nan ya fita tas, har kana cewa babu shi. Ina ganin kowane kara na dangarmu, ina ganin jan zanina da na shanya a kai.

Malam ya sake ja. Ya sake. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya fara goge gilashin ta ciki, daidai gabansa.

"Da ɗan saura a nan."

"Ina?"

"Nan. Dusu-dusu. Ba ki gani ba?"

Na duba inda yake gogewa. Babu komai. Sai allurar safe ta dawo mini, da katangar tasha, da ruwan kokon da yake faɗa tun kafin in taɓa tankinsa, da hamdalar nan mai yawa.

Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa kai hannu fuskarsa da rana tsaka ba. Ranar na kai. Na rufe masa idon hagu da tafin hannuna.

"Malam, me ke kan dangar can?"

"Ke, mene ne haka? Sake ni."

"Gaya mini me ke kai."

Ina jin gashin idonsa na motsi a tafina. Can ya ce, "Akwai danga a wurin?"

Na sauke hannuna. Na leƙa idon daman da kyau, a tsakiyar baƙin akwai wani fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina. Na hagun ma ya fara, amma da sauƙi." Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Kada ki gaya wa kowa. An riga an samu dalili, kowa zai ji aduwa ce. Yanzu ruwa na zuwa, zan dinga tafiya a hankali. In na ajiye makullin nan me za ku ci?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwana biyu na yi ina son maganarsa. Ga uzuri a hannu, ni ce ma uzurin, kuma na yarda a yi mini dariya har ƙarshen rayuwata in dai tukunya za ta hau. Amma ranar kasuwa da safe na leƙa ta danga, na ga mata sun fara taruwa a bakin hanya suna jiran motar Malam, da ƙoransu da kajinsu. Cikinsu har da maƙwabciyata, wadda muka haihu wata ɗaya, da nata goyon a baya. Na koma ɗaki na zare makullin daga aljihun rigarsa na ƙulle a bakin zanina.

Da ya laluba bai ji ba ya kalle ni. Ranar ce kaɗai a zamanmu ya ɗaga mini murya.

"Ba ni makullina!"

Na ce, "Malam, Yaya ya ce a bi abu daga tanki har hanci. Mun bi. Tanki lafiya, famfo lafiya, tiyo sabo, hanci a buɗe. Kai kaɗai ka rage ba a gyara ba. Wancan karon jaki ne. Ni na faɗi nawa a gaban yayana, na sha dariya, ga ni ban mutu ba. Ko ka kai wa Alhaji da ƙafarka, ko in ɗauki mayafi in kai masa da tawa, duk Gezawa ta ga matar Malam a ƙofar gidan Alhaji."

Sannan ya miƙo hannu, ba da faɗa ba. Na kwance na ba shi. Ya fita ya ba matan haƙuri ya ce mota ba za ta fita ba yau, ya kama hanyar Gezawa a ƙasa, ya bar motar a danga.

Da ya dawo na tambaye shi me Alhaji ya ce. Ya ce Alhaji ya jujjuya makullin a hannu ya ce, direbobi da yawa sun yi masa aiki, wasu da dogari aka karɓo makulli a hannunsu, ba wanda ya taɓa kawo masa da kansa. Amma bai yi alkawarin komai ba. Washegari wani direba ya zo ya tafi da motar. Na tsaya ina kallon wurin da take kwana, ga shaidar tayoyinta a ƙasa.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su sosai. Farar da ta cinye mana gero ita muka koma ci. Ina soyawa da yaji, wata tsohuwa tana kai mini kasuwa. Na yi ɗinkin hula har yatsuna suka yi kanta. Akuyata ta tafi. Malam yana zaune a zaure, in ya ji ƙarar akori-kura a hanya sai ya juya kai. Bai taɓa ce mini ke kika jawo ba, amma akwai ranakun da na gwammace ya faɗa.

Yaya ne ya kai shi asibitin ido a birni. Suka ce yanar ido ce, ana cirewa. Aka yi masa na dama, bayan wani lokaci aka yi na hagu, aka ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ranar da ya shigo gida da tabaran nan ina tsakar gida ina tankaɗe. Ya tsaya ya yi ta kallona har na tsargu.

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Ashe haka kika rame?" Sai ya cire tabaran yana gogewa da bakin riga, wai ƙura ce.

Ruwan shuka ya sauka ke nan sai ga motar a ƙofar gidanmu, Alhaji da kansa a gaba. Ya sa Malam ya karanta masa lambar wata babbar mota da ke tsaye can nesa a bakin hanya, Malam ya karanta tsaf. Alhaji ya miƙa masa makulli. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji daga bayan danga, ya ce, "A gaya wa maiɗakinka abin ruwan nan ya sake tsayawa. Wancan direban ruwan kududdufi yake ɗura masa. An ce mini ita ce likitarsa."

Na fito da allurata. Kafin in taɓa komai na ce Malam ya ja in saurara tukuna.

Shekara goma sha wani abu Malam ya ƙara yana tuƙi, ko kaza bai sake takawa ba. Ni nake cika masa tanki, a tace sau uku. Direbobin tasha in nasu ya toshe sai su ce a kai gidan Malam.

In na zauna ina tunawa, abin da ya fi tsaya mini shi ne, da ban yi wautar karkashin nan ba, da ba a bi motar nan gaɓa-gaɓa an wanke ta daga zargi ba, da Malam ya ci gaba da ɗora wa gilashi laifi har ranar da ba jaki zai buga ba. Ban ce wautar ta yi kyau ba. Amma tun daga ranar, in abu ya lalace a gidana, ko na ƙarfe ko na mutum, ba na tsayawa a laifin farko da na samu don ya yi mini sauƙi. Har yau in yaran nan suka ɗauke ni a motocinsu suka fesa ruwa, kunnena yana kan ɗan kukan famfon, idona kuma yana kan idon mai tuƙin.

Alhaji ya rasu tun da daɗewa, Allah ya ji ƙansa. Yaya ya bi shi, har ya koma ga Allah bai daina tambayata ko mota ta zo kitso ba. Malam shekara tara ke nan da rasuwa. Cikin waɗanda suka ga abin nan da idonsu, saura ni da maƙwabciyata, wadda har gobe ba ta san dalilin da ya sa ta rasa kasuwa ranar nan ba, sai in an karanta mata wannan. Sai goyon da ke bayana, ga ta nan tana rubutu tana share hanci. Aduwar ma tana nan a bakin gona, da tabon sassaƙata a jikinta.

Tabaran Malam yana cikin aduduna, tare da allurar. Duk Juma'a nakan fito da shi in goge da ruwan da na tace sau uku. Na san ba mai dubawa ta ciki. Amma ba za a ce Sarkin Wanki ta bar gilashin Malam da datti ba.